Mun gama fim mai dogon zango, ta yaya za mu tallata shi a intanet?

Tambaya: Ni matashin furodusa ne a Kano. Mun kammala fim mai dogon zango, kashi 13, za mu sake shi a tasharmu ta YouTube. Abin da ya rage mana na talla naira dubu 300 ne. Mun saka fasta a Facebook da Instagram amma shiru kake ji. Ta ina za mu fara, kuma me za mu riƙa rubutawa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a wannan aiki. Shirun da fastarku ta samu ba abin mamaki ba ne. Fasta sanarwa ce kawai: fuskokin jarumai biyar a jere, sunan fim da manyan baƙaƙe, a ƙasa an rubuta "yana nan tafe". Mai waya yana ganin irinta da yawa kafin ya karya kumallo. A zamanin kaset da faifai fasta tana aiki domin a shagunan Ƙofar Wambai da Bata ake liƙa ta, inda wanda ya shigo dama fim ya zo saya. Wanda yake Facebook kuwa bai zo sayen komai ba, wucewa yake yi. Abin da ke tsayar da mai wucewa shi ne a jefa masa tambayar da ba zai natsu ba sai ya ji amsarta. Hotonku, tirelarku da rubutunku duk a kan wannan tambaya za su tsaya.

Saboda haka kafin ku sake taɓa waya, ku zauna da marubucin labarin ku matse fim ɗin cikin jimla ɗaya da ba ta wuce kalmomi 25 ba. Ta nuna wane ne, me ya faɗo masa, me yake shirin rasawa. A ce labarinku na gado ne. "Labari ne mai cike da darasi, soyayya da ban tausayi" ba ta ce komai ba, kowane fim za a iya liƙa masa ita. Amma ji wannan: "Ranar rabon gado wata mata ta shigo da yaro, ta ce ɗan marigayi ne, uwargida kuma ta san fuskarta." Ku karanta wa mutum biyar da ba su san fim ɗin ba, ciki har da matar aure da dattijo. Idan sun ce "to sai me ya faru?", kun samu. Idan sun ce "Allah ya ba da sa'a", ku koma ku sake. In kuwa an yi ta gwadawa jimlar ta ƙi fitowa, matsalar tana cikin labarin ne, kuma gara ku sani yanzu da sauran damar gyara kashi na farko a wurin edita.

Kada ku sanar da ranar fita sai takardar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana hannunku. Kasancewar fim a YouTube bai fitar da shi daga hurumin hukumar ba: a 2025 ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango saboda sakin su ba tare da tacewa ba. Tirela da guntayen bidiyo ma daga kwafin da aka tace za ku yanko su, kada ku tallata fitowar da za a ce ku cire.

Kayan talla tun a lokeshin ya kamata a tara su, amma tunda kun gama ɗauka, ku ware yini ɗaya ku dawo da manyan jarumai uku ko huɗu cikin kayan da suka sa a fim ɗin. A tsayar da su a gaban bango marar ado, da haske mai kyau, a ɗauki kowa hoto kamar 20: fushi, kuka, mamaki, harara, murmushin mugunta. Hoton da aka ciro daga cikin bidiyo yawanci dushi-dushi yake fitowa, ga baki a buɗe, ga ido rabi a rufe. Waɗannan hotunan su za su ciyar da ku har kashi na 13.

Tirela kada ta wuce daƙiƙa 60 zuwa 90. Daƙiƙa uku na farko su zama magana mafi zafi a fim ɗin, daga bakin jarumi, ba tambarin kamfani yana juyawa da kiɗa ba. Zuwa daƙiƙa 20 mai kallo ya san su wane ne da abin da ya haɗa su. Daga nan rikici ya riƙa hauhawa, yankan yana ƙara sauri, sai a datse kafin a ba da amsa. Daƙiƙa biyar na ƙarshe: sunan fim, rana, lokaci, sunan tasha. Kurakuran da suka fi yawa su ne nuna yadda labarin ya ƙare, da barin kiɗa ya danne magana. Ku saurari tirelar a lasifikar ƙaramar waya, ba a manyan sifikun situdiyo ba, domin a haka mutane za su ji ta.

Maganar kiɗa tana bukatar kulawa. Idan edita ya ɗora kiɗan fim ɗin Indiya ko na Turkiyya, tsarin Content ID na YouTube, mai gano kiɗa da bidiyon da ke da mai haƙƙi, zai gane shi, ko kuɗin tallan bidiyon ya koma wa mai kiɗan, ko a toshe shi. Idan kuma mai haƙƙi ya shigar da ƙorafin cirewa, gargaɗi uku na haƙƙin mallaka suna rufe tasha. Wanda ya fi ba mutane mamaki shi ne waƙar da kuka biya aka yi muku. Mawaƙi yakan miƙa ta ga kamfanin da ke rarraba masa waƙoƙi a intanet, kamfanin ya yi mata rajista, sai ga fim ɗinku an kama shi da waƙarku. Ku yi yarjejeniya a rubuce da mawaƙin tun yanzu: wa ya mallaki waƙar, kuma in zai rarraba ta, a cire tasharku daga waɗanda za a kama.

Ainihin abin da zai kawo muku sababbin mutane shi ne guntayen bidiyo. Daga kowane kashi a fitar da guda uku zuwa biyar, kowanne daƙiƙa 20 zuwa 45, a tsaye, girman 1080 da 1920. Edita ya bi fuskar mai magana ya daidaita ta a tsakiya, kada ya ɗauko bidiyo a kwance ya bar baƙin fili sama da ƙasa. A rubuta maganar da Hausa a jikin bidiyon, domin da yawa suna kallo a kasuwa, a mota ko a wurin aiki da murya a kashe. Rubutun ya nisanci ƙasa da gefen dama, wurin da maɓallan TikTok da Reels ke rufewa. Sunan fim ya zauna a sama daga farko har ƙarshe, saboda bidiyon zai bi WhatsApp da Xender ya isa wayar da ba ta ga rubutunku ba. Kowane dandali a ɗora masa asalin fayil ɗin. Wanda aka sauke daga TikTok da tambarinsa, Instagram yana rage masa tafiya. Wurin datsewa shi ne gwanintar: bayan an jefa zargi, kafin wanda aka zarga ya buɗe baki.

Yanzu take da hoton bango, waɗanda a YouTube su ne ƙofar shiga. Take yana ɗaukar haruffa 100, amma a waya wajen 50 zuwa 60 ake gani kafin a yanke. Tunda fim ɗinku sabo ne, babu mai neman sunansa tukuna, to a kashi biyu ko uku na farko ku fara da rikicin, sunan fim da lambar kashi su biyo baya. Idan suna ya shiga bakin mutane sai ku juya. Rubutun sunan ya zama iri ɗaya ko'ina. Idan yana da ƙ, ɗ ko ɓ, ku rubuta shi daidai a take, sannan ku saka marar lanƙwasa a cikin bayani da kalmomin nema, domin mafi yawan mutane da k, d da b suke bugawa. YouTube da kansa ya ce waɗannan kalmomin nema ba su da wani tasiri sosai sai a kan sunan da ake yawan rubutawa ta hanyoyi daban-daban, don haka kada ku ɓata awa kuna cusa su.

Hoton bango 1280 da 720. Fuska biyu sun isa, manya, da yanayin da ake karantawa daga nesa. Kalmomi uku ko huɗu, kuma kada su maimaita take, su ƙara masa. Idan take ya ce wata mata ta zo da ɗan marigayi, hoton ya nuna fuskar uwargida da "Na san ta". Kusurwar dama ta ƙasa a bar ta fili, nan tsawon bidiyo yake fitowa. Ku rage hoton ya koma girman babban yatsa, ku duba a ƙaramar waya a cikin rana. In ba a karanta shi a haka, bai yi ba. YouTube Studio, shafin da mai tasha ke sarrafa bidiyonsa, yana da wurin gwada hotuna har uku a bidiyo ɗaya ya nuna wanda ya fi, ku yi amfani da shi idan ya bayyana a tasharku.

A nan zan tsaya in ja kunne, domin abin ya yi yawa a tashoshin Hausa. Kada ku sa hoton fitowar da babu ita a fim. Kada ku rubuta "Innalillahi" a kan hoton jarumi don a ɗauka ya rasu. Kada ku janyo auren jaruma ko mutuwar aurenta cikin talla. Ban da cewa ƙarya ce kuma cin mutuncin bayin Allah, ko a lissafin kasuwa asara ce. Wanda aka yaudara ya danna, cikin daƙiƙa 20 zai fita, YouTube kuma yana lura da tsawon zaman mutane, sai ya rage nuna bidiyon. Ka'idojinsa ma sun hana take da hoton yaudara. Fim mai kashi 13 mutum ɗaya yake bukata ya dawo sau 13, wanda aka cuta a ranar farko ba ya dawowa.

A wurin bayani, layi biyu na farko kaɗai ake gani, to jimlar nan ɗaya ta labarinku ta zauna a nan, sunayen ma'aikata su sauka ƙasa. Ku haɗa dukan kashi cikin jeri ɗaya bi da bi. Wurin da ake tambaya ko bidiyon na yara ne, ku ce a'a. Masu zaɓar e bisa kuskure suna wayar gari sharhi ya rufe, kuɗin talla ya ragu.

Rubutun da ke rakiyar bidiyo a Facebook da Instagram shi ne inda aka fi yin sakaci. Instagram yana yanke rubutu bayan haruffa kamar 125, Facebook bayan 'yan layuka, don haka layin farko shi ne komai. Kada a ɓata shi da "Assalamu alaikum masoyanmu na gida da na waje, muna farin cikin sanar da ku". Sallama tana da wurinta a bidiyon da jarumi ke magana da mutane kai tsaye. A rubutu ku faɗa cikin maganar: "Shekara tara tana ɓoye wannan sirri. Yau yaron yana tsaye a tsakar gidanta." Jimloli gajeru, yadda ake magana a zaure ko a tsakar gida. Ku karanta da ƙarfi kafin ku saka, duk inda harshe ya sarƙe ku gyara. Fim na Hausa da Hausa ake tallata shi, kuma a samu wanda ya iya ka'idar rubutu ya duba, "ya ce" ba "yace" ba, "ɗa" ba "da" ba. Rubutu mai kurakurai yana sa a zaci fim ɗin ma haka aka yi masa.

Tambayar da za ku rufe rubutu da ita ta zama wadda ke raba mutane gida biyu, kowane ɓangare da hujjarsa. "Me za ku ce?" ba ta tayar da kowa. Amma "Idan ke ce uwargida, za ki faɗi gaskiyar da kika sani, ko za ki yi shiru 'ya'yanki su ci gadon su kaɗai?" za ta sa mata su yi ta muhawara har dare, maza su shigo da hukuncin gado. Wannan muhawara ita ce tallan. Ku guji "duk mai ƙaunar jaruma wance ya danna so, ya tura wa mutum goma", domin tun 2017 Facebook ya sanar yana rage tafiyar rubutu mai roƙon dannawa irin wannan. Kowane rubutu buƙata ɗaya: ko a amsa tambaya, ko a je a kalla. Bidiyon da aka ɗora kai tsaye a Facebook ya fi adireshin YouTube tsirara tafiya, don haka ku ɗora guntun, adireshin ya biyo a ƙarshen rubutu ko a sharhin farko. Ku riƙa sauya salo: yau tambaya, gobe ɗaya daga mutanen labarin yana kare kansa da bakinsa, jibi bayan fage. Awa ta farko bayan sakawa mutum ɗaya ya zauna yana amsa sharhi da sunan tasha, cikin ladabi. Mai zagi a ɓoye sharhinsa, kada a biye masa. Mai suka da hujja a gode masa, sau da yawa gaskiya yake faɗa.

Makonni huɗu na talla kafin ranar fita sun isa. Na farko jimlar labari da gabatar da mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu waƙar fim, a saka ta a TikTok yadda mutane za su iya hawa sautin. Na uku tirela. Na huɗu guntu ɗaya kullum, da rana da lokaci a jikinsa. Kafin ranar fita a ce kashi huɗu sun gama tsaf an ɗora su suna jiran lokaci, domin babu abin da ke kashe fim mai dogon zango kamar a ce Juma'a ƙarfe 8:30, mutane su zo su tarar da ban haƙuri. Bayan sallar Isha'i ya fi dacewa. Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya da Najeriya, Gana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da ɗaya, Saudiyya da biyu, ku rubuta haka a sanarwa. Daren Talata da Laraba lokacin gasar Zakarun Turai samari suna gidan kallon ƙwallo. Ku duba ranakun da manyan fina-finai ke fita ku kauce musu. Azumi hankalin mutane yana wurin tafsiri da ibada, makon Sallah kuma kowa yana sakin nasa, ƙaramin fim yakan nutse. A kashi na farko ku yi amfani da Premiere, tsarin YouTube da ke sakin bidiyo a lokacin da aka tsayar kowa ya kalla tare, jarumi ɗaya ya shigo hira da masu kallo yayin da ake nunawa.

Dubu 300 ɗin ga yadda zan raba ta: 60 hoto da mai tsara hoton bango, 70 editan guntaye, 120 tallan biya, 50 a ajiye zuwa tsakiyar zango, wajen kashi na 6 ko 7, lokacin da ɗokin farko ke sanyi. Kada a sa ko sisi na tallan biya a kan fasta. Ku saki guntaye biyar ko shida kyauta, ku jira awa 48, wanda mutane suka fi kallo har ƙarshe suka fi turawa shi za a sa wa kuɗi, dubu uku zuwa biyar a rana na kwana huɗu ko biyar. Ku zaɓi garuruwa da sunansu maimakon Najeriya gaba ɗaya: Kano, Kaduna, Zariya, Katsina, Sakkwato, Bauchi, Jos, Maraɗi, Damagaram, Yamai, sannan Abuja, Legas, Kumasi da Jidda inda Hausawa suke da yawa. Idan iPhone kuke riƙe, kada ku biya ta cikin manhaja, akwai ƙarin kashi 30 cikin 100 na Apple, ku biya ta shafin talla na Meta, kamfanin Facebook da Instagram, a burauza.

Kada ku sayi mabiya ko kallo. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla YouTube yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallon Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube, miliyan 10 cikin kwana 90. Na bogi ana share su, waɗanda suka rage kuma ba sa danna komai, sai su ja lissafin tashar ƙasa. Ku sani kuma kallon da aka samu ta tallan biya na YouTube da na layin Shorts ba sa shiga cikin awa 4,000 ɗin. Aikin guntaye shi ne su turo mutum ga cikakken kashi.

Jarumanku suna da mabiyan da ba ku da su, amma "zan saka in sha Allah" ba tsari ba ne. Ku yi magana a fili kan sau nawa kowa zai saka da wace rana, ku tura masa bidiyo da rubutu a shirye tun jajibiri. Instagram yana ba da damar shafi biyu su haɗa saƙo ɗaya, sharhi da kallo su taru wuri guda. Masu manyan shafuka da ke karɓar kuɗi, ku nemi su nuna muku yawan mutanen da saƙonninsu biyar na baya suka kai wa, yawan mabiya ba ya nuna komai.

Masu kwafe fim su ɗora a tasharsu za su zo. Ku fara ɗora kowane kashi a tasharku, ko da a ɓoye, kafin fayil ɗin ya fita hannun edita, domin na'urar YouTube mai gano kwafi tana duba wanda ya riga ɗorawa. Kada cikakken fayil ya bi WhatsApp, ko zuwa wurin jarumi ne. Masu tura fim a waya a kasuwa ba za ku iya hana su ba, to sunan tasha da ranar fita su zauna a jikin bidiyon, wanda ya kalla a can ya san inda zai samu na gaba.

Bayan awa 48 da fitar kashi na farko ku buɗe YouTube Studio ku duba abu biyu. Na farko kason waɗanda suka danna cikin waɗanda aka nuna wa. YouTube ya ce rabin tashoshi suna tsakanin 2 da 10 cikin 100. Na biyu layin da ke nuna inda mutane ke fita. Idan dannawa ta yi ƙasa amma waɗanda suka shiga suna zama, fim ɗin yana da kyau, take da hoto ne suka gaza. Idan dannawa ta yi sama amma layin ya faɗi a daƙiƙa 30 na farko, ko talla ya yi alkawarin da fim bai cika ba, ko buɗewar ta yi nauyi. Yawanci na biyun ne: tambari uku, godiya ga iyayen gida, sunaye na minti biyu, mota tana shiga gida ana buɗe get. Data ta yi tsada, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da aka amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025, babu mai ƙona ta yana karanta sunaye. Ku buɗe da fitowa mai zafi, sunan fim ya shigo bayan minti ɗaya, sunaye da godiya su koma ƙarshe. Tunatarwar kashin baya kada ta wuce daƙiƙa 20. Tallan mai ɗaukar nauyi a sa shi bayan labari ya kama mutum. Duk inda layin ya yi rami a tsakiya, ku je ku kalli wurin, ku rage irinsa a kashin da ba su fita ba. A ƙarshen kashi a bar daƙiƙa 10 zuwa 20 don allon da ke tura mutum ga na gaba, kuma a datse labarin a kan tambaya kamar yadda aka yi a guntaye.

Idan kashi na farko bai tashi ba, kada ku goge shi ku sake ɗorawa, awannin kallo da sharhin da ya tara za su tafi tare da shi. Ku sauya hoton bango, ku jira kwana biyu ku duba, in bai motsa ba ku sauya take. Abu ɗaya a lokaci guda, don ku san wanne ne ya yi aiki ku maimaita shi a kashi na biyu.